Digirin digirgir a ilimin halayyar ɗalibai: darussan da ake buƙata a Amurka da dalilin yawansu

Duk wanda ya yi jami'a a tsarin Faransa, a Yamai ne ko Yawunde ko Injamena ko Kwatano, ya san yadda digirin digirgir yake tafiya. Ɗalibi zai gama masta, ya samu farfesan da zai duba aikinsa, ya tsayar da batu, ya shafe shekara uku ko fiye yana bincike, sannan ya kare kundinsa a gaban kwamitin malamai. Zaman aji bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa mamaki kan kama ɗalibanmu idan suka leƙa tsarin jami'o'in Amurka a fannin da Faransawa ke kira psychologie scolaire, wato ilimin halayyar ɗalibai da yadda suke koyo. A can za su tarar da kwasa-kwasai fiye da 25, da ɗaruruwan awoyi na aiki a makarantu, da shekara guda cur ta horo a bakin aiki, ga kuma kundin bincike yana jira.

Wasu kan ɗauka dabara ce ta tatsar kuɗin makaranta. Dalilin ya wuce haka. Digirin ya haɗa abu biyu da tsarin Faransa ya raba: horon mai bincike, da horon ma'aikacin da zai sa hannu a rahoton da ke shata wa yaro makoma. Rahoton ne zai ce yaron da ya kasa karatu a aji uku yana da naƙasa, ko kunnensa ne ke da matsala, ko kuwa bai ji harshen da ake koyarwa da shi ba. Kusan kowane kwas a jerin an sa shi ne don toshe wata kafa da kuskure ke shigowa ta cikinta.

Wane ne wannan ma'aikaci?

Masanin halayyar ɗalibai ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, don haka ba ya rubuta magani. Ya kuma bambanta da jami'in da ke ba ɗalibai shawara kan fannin da za su karanta. Aikinsa shi ne ya binciki dalilin da ya sa yaro ya kasa koyo ko ya kasa zama lafiya a aji, ya tsara hanyar taimaka masa tare da malamai da iyaye, sannan ya bibiya ya ga ko hanyar ta yi aiki.

Tushen sana'ar ya koma ga 1896, lokacin da Lightner Witmer ya buɗe ɗakin duba matsalolin koyo na farko a Jami'ar Pensilbaniya. Cikin waɗanda aka fara kai masa akwai yaro ɗan shekara 14 da ya kasa rubuta kalmomi daidai, kuma bincike ya nuna akwai matsalar ido a cikin lamarin. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajinsu na auna basirar yara a birnin Paris, domin gano ɗaliban da ke buƙatar kulawa ta musamman. A 1915 jihar Konetikat ta ɗauki Arnold Gesell aiki, shi ne na farko da ya riƙe wannan muƙami da sunansa a Amurka.

Abin da ya faɗaɗa sana'ar sosai shi ne dokar 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai naƙasa su ilimantar da shi kyauta. A 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA. Tunda dole a tantance yaro kafin a ba shi wannan kulawa, sai kowace gundumar ilimi ta buƙaci wanda ya iya tantancewar.

Su wa ke gindaya sharuɗɗan?

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ita ke rubuta manhajar ba. Ƙungiyoyi biyu na masana ne ke shata ƙa'idojin, jami'o'i kuma su bi idan suna son a amince da digirinsu. Ta farko ita ce APA, babbar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda aka kafa a 1892. Ta biyu ita ce NASP, ƙungiyar masu wannan aiki a makarantu, wadda aka kafa a 1969.

NASP ta raba horon mataki biyu. Mataki na ƙasa shi ne na ƙwararre, wanda ya ɗara masta amma bai kai digirgir ba: aƙalla shekara uku na cikakken karatu, kiredit 60, da awa 1,200 na horo a bakin aiki. Yawancin masu aikin a makarantun Amurka wannan matakin suke da shi. Mataki na sama shi ne digirgir: aƙalla shekara huɗu, kiredit 90, da awa 1,500 na horo, wanda aƙalla awa 600 a makaranta za a yi su. Cikin kiredit 90 ɗin nan, dole 78 su kasance ban da na kundi da na shekarar horo. Ma'ana, ba a yarda jami'a ta cike gurbin darasi da awoyin rubuta kundi ba.

Ita APA ba ta ƙirga kiredit. Abin da take buƙata shi ne shekara uku na cikakken karatu bayan digiri na farko, sai shekarar horo a kai. Aƙalla biyu daga cikin ukun a jami'ar da za ta ba da digirin za a yi su, kuma shekara ɗaya dole ɗalibi ya kasance yana zaune a jami'ar yana halartar karatu. Bayan haka sai ta jera fannonin ilimi da ƙwarewa guda tara da kowane ɗalibi zai nuna ya mallaka, daga bincike da tantancewa zuwa bin doka da duba aikin na ƙasa da shi. Waɗannan duka mafi ƙarancin abin da ake nema ne. A aikace jami'o'i da yawa sukan wuce kiredit 100, karatun kuma yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida.

Mene ne kiredit?

A lissafin Amurka, kiredit ɗaya yana nufin kimanin awa ɗaya a aji da awa biyu na nazari a gida, kowane mako, tsawon zangon karatu na mako 15. Yawancin kwasa-kwasai kiredit uku ne. Idan aka raba 78 gida uku-uku, za a samu kwas 26. Ɗalibin da ke ɗaukar kwas huɗu a zango zai yi fiye da shekara uku kafin ya gama su.

Kada a rikita wannan da kiredit na tsarin lisansi, masta, daktora da ƙasashen renon Faransa suka ɗauka, inda shekara ɗaya take da 60, lisansi 180, masta kuma 120. Ma'aunan biyu sun sha bamban, kuma masu kwatanta takardu galibi sukan lissafa biyu na Turai a matsayin ɗaya na Amurka.

Tubalin farko: sanin ɗan Adam

APA ta wajabta wa kowane ɗalibi, ko wane reshe ya zaɓa, ya san fuskoki biyar na halayyar mutum, haɗe da tarihin fannin kansa. Kowace fuska tana da amfaninta a aji.

Darasin jiki da ƙwaƙwalwa yana koya wa ɗalibi cewa yaron da ke yawan shagala a aji yana iya kasancewa da wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum ƙasa, ko rashin barci, ko gubar dalma a jininsa. Masanin ba zai yi maganin waɗannan ba, amma dole ya gane lokacin da ya kamata a tura yaro asibiti. Darasin tunani da koyo yana bayanin yadda mutum ke riƙe abu a ka da yadda hankali ke tsayawa a kan aiki, wanda shi ne ke fayyace dalilin da ya sa wani yaro ya iya lissafi a takarda amma ya ruɗe idan an ce ya yi da ka. Darasin motsin rai yana duba tsoro da fushi da baƙin ciki, da yadda suke toshe koyo.

Darasin girman yaro shi ne ma'aunin abin da ya dace da kowace shekara. Yaro ɗan shekara shida da ke juya harafin b ya koma d bai fita daga al'ada ba. Idan ɗan shekara goma ne ke yin haka, akwai abin dubawa. Darasin zamantakewa kuwa yana komawa kan malamin da ajin. A nan ne ake nazarin binciken Robert Rosenthal da Lenore Jacobson na 1968, wanda ya nuna cewa abin da malami ke tsammani daga yaro yana iya shafar sakamakonsa. Har yau masana na muhawara kan ƙarfin wannan tasiri, kuma ita kanta muhawarar tana cikin abin da ake koyarwa.

Darussan gwaji da ilimin awo

Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci a shekarar farko da ta biyu. Akwai kwas na gwajin basira, da na auna karatu da rubutu da lissafi, da na auna ɗabi'a da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi zai koyi amfani da gwaje-gwaje irin su WISC, wanda David Wechsler ya fara fitarwa a 1949 kuma ake yi wa yara daga shekara shida zuwa 16. Zai riƙa gwadawa a kan masu sa kai, ana ɗaukarsa a bidiyo, malami yana bin kowace tambaya ya ga ko ya faɗe ta yadda aka tsara. Kalma ɗaya da ya ƙara don taimaka wa yaro tana iya ɓata sakamakon.

Tare da wannan akwai ilimin awo, wato nazarin ingancin shi kansa gwajin. Matsakaicin maki a WISC 100 ne, kuma ana fara zargin raunin basira idan maki ya sauka zuwa wajen 70. A ce yaro ya samu 72, kuma kuskuren awon gwajin maki uku ne. Abin da masanin zai iya faɗa da ƙwarin gwiwa shi ne ainihin matsayin yaron yana tsakanin 66 da 78. Iyakar 70 ta faɗa a tsakiyar wannan tazara, don haka lambar ita kaɗai ba ta yanke komai ba. Sai an duba yadda yaron ke tafiyar da rayuwarsa a gida, ko yana iya aike, ko yana riƙe kuɗi, ko yana kula da kansa. Haka kuma makin yana da ma'ana ne kawai idan yaron ya yi kama da yaran da aka tsara gwajin a kansu.

Tarihin Amurka ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi watsi da wannan. A 1970 aka shigar da ƙarar da ta yi suna da Diana a jihar Kalifoniya, a madadin yara tara 'ya'yan ma'aikatan gona 'yan asalin Meziko. An yi musu gwajin basira da Turanci alhali Sifaniyanci suke yi a gida, aka sa su a ajin masu raunin basira. Da aka sake gwada su da harshensu, mafi yawansu sun haye iyakar. A shari'ar Larry P. kuma, alƙali Robert Peckham ya yanke hukunci a 1979 yana hana makarantun Kalifoniya dogaro da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata irin waɗannan azuzuwa. A yau dokar IDEA ta ce a gwada yaro da harshen da zai fi bayyana abin da ya sani, kada a dogara da gwaji ɗaya tak, kuma kada a ce yaro na da naƙasa idan asalin matsalar ita ce rashin jin Turanci ko rashin samun koyarwa mai kyau.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga iyayen da 'ya'yansu ke Hausa a gida amma suke karatu da Faransanci a Garwa ko Marwa, ko da Turanci a Kumasi, ko da Larabci a Sudan. Masanin harshe Jim Cummins ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma harshen da ake karatu da rubuta jarrabawa da shi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. A tsakanin nan ne ake yawan yi wa yaro mummunar fahimta: malami ya ji yana surutu da Faransanci a filin wasa, sai ya ɗauka ya iya, idan kuma ya kasa amsa tambaya a rubuce sai a ce daƙiƙi ne.

Daga gano matsala zuwa magance ta

Gano matsala rabin aiki ne. Jerin kwasa-kwasai na gaba yana koyar da abin da za a yi bayan haka. Akwai kwas kan hanyoyin gyara karatu da lissafi, inda ake koyon auna ci gaban yaro kowane mako da ɗan gajeren gwaji, misali kalmomi nawa ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Idan layin ci gaban bai tashi ba bayan makonni, hanyar koyarwar za a sauya.

Akwai kwas kan ɗabi'a, wanda tambayarsa ta farko ita ce me yaron ke samu daga abin da yake yi. Yaron da ke tayar da rigima duk lokacin da aka zo karatu a bayyane, sai a kore shi waje, mai yiwuwa korar ce yake nema domin ta raba shi da kunyar kasa karatu a gaban 'yan uwansa. Ƙara masa horo a nan ƙara wa wuta fetur ne. Akwai kuma kwas na zama da yaro a tattauna damuwarsa, da na ɗaukar matakin gaggawa idan ɗalibi ya yi barazanar kashe kansa ko wani bala'i ya auka wa makaranta.

Sai kwas na aiki ta hannun wasu, wato ba malamai da iyaye shawara. NASP na ba da shawarar a samu masani ɗaya ga kowane ɗalibi 500, amma yawancin jihohi ba su kai nan ba. Mutum ɗaya ba zai zauna da kowane yaro ba, dole ya iya horar da malamin da ke tare da yaran kullum. Shi ya sa ake koyar da tsarin tallafi mai hawa uku: koyarwa mai inganci ga kowa, ƙarin taimako a ƙananan rukunoni ga waɗanda suka fara ja da baya, sannan kulawa ta mutum ɗaya ga 'yan kaɗan da hakan bai wadatar da su ba.

Doka da amana

Babu jami'ar da ke tsallake wannan kwas. Ɗalibi zai karanci dokar IDEA dalla-dalla: dole a samu amincewar iyaye kafin a gwada yaro, a kammala tantancewar farko cikin kwana 60 ko wa'adin da jiha ta sa, a sake duba yaron aƙalla duk shekara uku. Zai karanci dokar FERPA ta 1974, wadda ke kare sirrin takardun ɗalibai. Zai kuma koyi inda riƙe sirri ya tsaya, domin idan yaro ya bayyana cewa ana cin zarafinsa, doka ta tilasta wa masanin sanar da hukuma.

Wannan ne ɓangaren da ya fi ɗaure da ƙasar Amurka. Wanda zai koma aiki a Kamaru ko Nijar sai ya nemi sanin dokokin ƙasarsa da kansa, amma tambayoyin ba sa canzawa: wa ya ba da izini, wa zai ga rahoton, kuma wa zai amfana da shi.

Ƙididdiga, bincike da kundi

A nan ne digirgir ya fi bambanta da matakin ƙwararre. Ana ɗaukar kwasa-kwasai da dama na ƙididdiga da tsara bincike, har da hanyar nazarin yaro ɗaya tak, inda ake auna shi sau da yawa kafin a fara taimako da kuma bayan an fara. Da yake ɗalibai a cikin azuzuwa suke, azuzuwa kuma a cikin makarantu, akwai ƙididdiga ta musamman da ke raba tasirin yaro da na malami da na makaranta.

Nauyin wannan sashe ya danganta da irin digirin. Tsarin horon PhD a wannan fanni ya samo asali ne daga taron Boulder na 1949, wanda ya ce a horar da mutum ya zama mai bincike kuma ma'aikaci a lokaci guda. PsyD kuwa ya samu karɓuwa a taron Vail na 1973, kuma ya fi karkata ga aiki, kundinsa yakan fi sauƙi. Jami'o'in da ke ba da PhD sun fi ɗaukar nauyin ɗalibi, inda zai yi aikin taimaka wa malami na kimanin awa 20 a mako a yafe masa kuɗin makaranta. Bayan gama darussa akwai babbar jarrabawa da ke tattara duk abin da aka karanta, kuma galibi sai an ci ta ake ba ɗalibi damar gabatar da tsarin kundinsa.

Yadda shekarun ke tafiya

Tsarin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma galibi shekarar farko ta tubalai ce da gwajin basira da ƙididdiga, tare da zuwa makaranta kallon yadda ake aiki. A shekara ta biyu ɗalibi zai fara karɓar yara na gaske kwana ɗaya ko biyu a mako, ƙwararre yana duba kowane rahoto kafin ya fita. Shekara ta uku da ta huɗu na manyan darussa ne, da aiki a asibitin yara ko cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, da kwas kan duba aikin ɗalibai na ƙasa, da fara kundi. Darussan a jere suke kamar matakala, ba a barin ɗalibi ya taɓa yaro kafin ya ci kwas na gwaji. A jami'o'i da yawa, wanda ya samu ƙasa da maki B a irin wannan kwas sai ya maimaita, kuma hakan na iya ja masa jinkirin shekara guda.

Shekarar ƙarshe ta cikakken horo ce a bakin aiki, inda ƙa'idar NASP ta buƙaci aƙalla awa biyu a mako na zama da mai duba aiki. Ɗalibai da yawa kan nemi gurbi ta tsarin ƙungiyar APPIC, wanda ke haɗa masu nema da wuraren horo ta kwamfuta ya fitar da sakamako a watan Fabrairu. Wasu kuma kan samu gurbi kai tsaye a gundumar ilimi.

Digirin shi kaɗai ba lasisi ba ne. Ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ce ke ba da takardar aiki a makarantun gwamnati, kuma da yawa suna buƙatar jarrabawar Praxis. Wanda ke son aiki a asibiti ko buɗe ofishin kansa sai ya ci jarrabawar EPPP ya samu lasisi daga hukumar jiha, wasu jihohin ma sai ya ƙara awoyin aiki ƙarƙashin kulawa bayan kammala digiri.

Ga mai masta daga tsarin Faransa

A Faransa ba a buƙatar digirgir don wannan aiki. Dokar 1985 ta keɓe sunan psychologue ga wanda ya yi lisansi da masta a fannin, haɗe da horon awa 500. Tun 2017 ma'aikatar ilimi ke ɗaukar waɗannan masana ta jarrabawar gasa, a reshe biyu: na makarantun firamare, da na sakandare mai kula da zaɓen fanni. Daktora a can hanyar bincike ce da koyarwa a jami'a. A lardin Kebek na Kanada kuwa, inda ake karatu da Faransanci, tun 2006 sai da digirgir ake shiga sana'ar. Ingila ma ta koma tsarin digirgir na shekara uku a wannan shekarar.

Mai masta da ke son zuwa Amurka kada ya sa rai za a yafe masa shekara biyu kai tsaye. Jami'o'i kan duba kwas ɗaya bayan ɗaya, su nemi cikakkiyar manhajar kowanne: abin da aka karanta, awoyin da aka yi, da yadda aka yi jarrabawa. Sun fi sauƙin yafe ƙididdiga ko darasin girman yaro. Da wuya su yafe na gwaji da na doka. Don haka ya kamata ɗalibi ya adana manhajojin darussansa tun yana jami'a, domin neman su bayan shekaru wahala ce. Mai lisansi na shekara uku kuma ya tambaya tun da wuri ko jami'ar na ɗaukarsa daidai da digirin farko na Amurka mai shekara huɗu, domin kowace jami'a da hukuncinta.

Kafin a cike takardar neman gurbi, wadda galibi ake rufewa a farkon Disamba, akwai abubuwan da ya kamata a tabbatar. A duba sunan shirin a jerin APA ko NASP, domin shirin da ba a amince da shi ba yana iya hana mutum lasisi. A tambayi shekara nawa tallafin kuɗi zai ɗauka, da yadda ɗaliban ƙasashen waje ke samun izinin yin horo a makarantu, tunda wasu wuraren horo na gwamnatin tarayya 'yan ƙasa kawai suke karɓa. A kuma bibiyi dokokin biza: a watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta hana wa 'yan ƙasarsu shiga, kuma irin wannan jeri yana canzawa.

Abin da zai yi amfani a gida

Wanda ya gama wannan karatu ya dawo da akwatin WISC zai tarar gwajin bai dace da yaron Damagaram ko Ngaundare ba. Fassara tambayoyin zuwa Hausa ba ta isa ba, domin kalmar da ke da wuya a Turanci tana iya zama mai sauƙi a Hausa, hotunan ciki na iya zama baƙi ga yaron, kuma babu ma'aunin da aka tattara daga yaran yankin da za a kwatanta shi da su. Abin da zai fi amfanar da shi shi ne darussan da ɗalibai suka fi gudu, wato ilimin awo da ƙididdiga, domin da su ake gina sabon gwaji tun daga tushe, a gwada shi a kan ɗaruruwan yara, a tabbatar yana auna abin da aka ce yana aunawa.

An riga an fara irin wannan aiki a fannin karatu. Gwajin karatun farko da ake kira EGRA an tsara shi da Hausa an yi amfani da shi a jihohin Sakkwato da Bauchi. A Nijar kuma, kundin da hukumomi suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Duk inda Hausa ta ƙara shiga aji, za a buƙaci waɗanda suka iya tsara gwajin da zai bambanta yaron da ke da matsalar koyo ta gaske da wanda harshe ne kawai ya tsaya masa, kuma har yanzu masu wannan horo kaɗan ne a yankin.